Yadda za ka tsefe wasiƙar imel kafin ta yi maka ɓarna

Mu nan Maradi, hirar yau da kullum a WhatsApp take. Imel ba a buɗe shi sai da dalili: ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke jiran amsar tallafin karatu, ɗan kasuwar da ke sa ran takardar kuɗin kaya daga Guangzhou ko Kwatano, matashin da ya aika takardunsa ga wata ƙungiyar agaji yana neman aiki. Shi ya sa duk abin da ya faɗo akwatin imel muke kallonsa da idon takardar hukuma. Mutumin da zai yi tsaki ya goge saƙon banza a WhatsApp, in ya ga irinsa a imel da tambari da sa hannu, sai ya gyara zama. Masu aiko wasiƙun shara sun san da haka.

Shingaye biyu mai irin wannan wasiƙa yake son tsallakewa. Na farko na'ura ce, wato rariyar da Gmail ko Yahoo ko Outlook suka kafa don tace saƙonni kafin su iso gare ka. Na biyu idonka ne. Duk wani baƙon abu da ka gani a wasiƙar, harafin da bai zauna daidai ba, hoto a gurbin rubutu, lambar waya a inda ka sa ran adireshi, an sa shi ne don ɗaya daga cikin biyun. In ka riƙe wannan, ba sai ka haddace dabaru ɗari ba.

Abin ya daɗe. A watan Mayun 1978 wani ɗan talla na kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika saƙo guda ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, kakar intanet ɗin yau, kuma shi ake lissafawa wasiƙar shara ta farko. Tun daga nan ake kokawa: masu rariya su toshe wata kafa, masu shara su huda wata. Matakan da ke ƙasa a jere suke daga wajen wasiƙa zuwa cikinta, kuma jerin yana da muhimmanci, domin da zarar ka fara karanta labarin da ke ciki, hankalinka ya riga ya bar kan adireshi.

Mataki na farko: sunan ba shi ne adireshin ba

A salula, manhajar imel suna kawai take nuna maka da manyan baƙi. Sunan nan kuwa mai aikowa ne ya rubuta shi da hannunsa, babu wanda ya tantance. Yana iya sa sunan bankinka, ko na ofishin jakadanci, ko na yayanka. Taɓa kan sunan, ko ƴar kibiyar da ke ƙarƙashinsa, cikakken adireshin zai fito.

In ya fito, abin da ke bayan alamar @ za ka duba, kuma daga dama za ka fara karantawa. A ce adireshin bankinka yana ƙarewa da bankinmu.ne. Wasiƙar da ta zo daga bankinmu.ne.tabbatarwa.top ba ta bankinka ba ce, ta mai tabbatarwa.top ce, sauran duk ado ne ya jera a gaba. Haka adiresoshin gwamnatin Nijar da gouv.ne suke ƙarewa. In ka ga gouv.ne a tsakiya wani abu ya biyo baya, ka san ba daga Yamai ba ne. Babbar hukuma ko banki kuma ba za su nemi lambar asusunka daga adireshin Gmail na kyauta ba.

Sai wasan haruffa. A ƙaramin allon waya, r da n in suka haɗu kamar m suke, har rnaradi ya zama maradi a idon mai sauri. Ƙaramin l da babban I ba su da bambanci a wasu rubuce-rubucen, sifili da O ma haka. Wanda ya fi waɗannan wayo shi ne aron haruffa daga rubutun Rasha, inda akwai a da e da o da p masu kama da namu sak, amma a wurin kwamfuta haruffa ne daban. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar adireshi da haruffan Rasha zalla wanda a manhajar Chrome da Firefox ta lokacin yake fitowa apple.com ba ragi. Asalin irin wannan adireshi da xn-- yake farawa. In ka kwafe shi ka liƙa a wani wuri ka ga ya rikiɗe ya koma xn-- da tarkacen haruffa, ka kama shi.

Akwai kuma dabarar wurin mayar da amsa. Wasiƙa tana iya zuwa da adireshi mai kyau a sama, amma an saita ta yadda in ka latsa amsa, wani adireshin daban zai shiga. Latsa amsar, kada ka rubuta komai, duba wanda za a aika wa, sannan ka soke.

Wani lokaci ma za ka ga wasiƙa daga adireshinka kai kanka. Kada gabanka ya faɗi. Tsarin imel tun asali bai hana mutum rubuta adireshin da ya ga dama a gurbin mai aikowa ba. Daga baya aka ƙirƙiro hanyoyin tantancewa uku, SPF da DKIM da DMARC, kuma tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta su a kan masu aika dubban saƙonni a rana. A kwamfuta kana iya ganin sakamakonsu: buɗe wasiƙar a Gmail, latsa ɗigo ukun nan na gefe, zaɓi nuna asali, wanda a na'ura mai Faransanci Afficher l'original aka rubuta. In ka ga FAIL a gaban ɗayansu, ka yi hattara. Amma PASS ba shaidar gaskiya ba ce. Abin da kawai yake nufi shi ne wasiƙar daga adireshin da ta ambata ta fito, ɗan damfara kuwa yana iya sayen adireshinsa ya cika duk sharuɗɗan.

Mataki na biyu: hana hotuna buɗewa da kansu

Shiga saitin manhajar imel ɗinka ka zaɓi a riƙa tambayarka kafin a nuna hotuna. Dalili kuwa, ana cusa wa wasiƙa wani hoto ƙanƙani, ɗigo guda wanda ido ba ya gani, mai ɗauke da lamba ta musamman gare ka. Da ka buɗe wasiƙar, wayarka za ta je ta ɗauko hoton, mai shi kuma ya samu labarin cewa wannan adireshin da ransa, mai shi yana buɗe saƙo, har da lokacin da ya buɗe. Adireshi mai rai ya fi tsada in za a sayar wa wasu. Ban da haka, rufe hotunan zai rage maka cin data, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Da hotuna a rufe za ka fara ganin abubuwan ban mamaki. Wata wasiƙar za ta fito fayau babu ko kalma, domin duk rubutunta hoto ne. Dabara ce da ta yi tashe a 2006, lokacin da rariya ta ƙware a karanta kalmomi amma ba ta iya karanta hoto ba, kuma har yau ba ta mutu ba.

Wata kuma a ƙarshenta za ka tarar da dogon rubutu mara kan gado, guntun labarin jarida, jerin sunayen garuruwa, girke-girke. Wannan yana da tarihi. A 2002 wani masanin kwamfuta, Paul Graham, ya yayata hanyar tace saƙo da lissafi: a ƙirga kalmomin da suka fi yawa a wasiƙun shara da waɗanda suka fi yawa a na kirki, a auna sabuwar wasiƙa a kansu. Sai masu shara suka fara zuba kalmomin kirki buhu-buhu don su rinjayi ma'aunin. Sau da yawa ba ka ganinsu, don farin rubutu ne a kan farin shafi, ko an ƙanƙantar da shi ya koma sifili. A kwamfuta, in ka zaɓi duk rubutun wasiƙar kamar za ka kwafa, farin rubutun zai bayyana.

Har cikin kalma guda ana yin wannan. Akwai haruffan da ba su da faɗi ko kaɗan, ana soka su tsakanin haruffan kalma, kai ka karanta ta lafiya lau, na'ura kuma ta ga gutsattsari marasa ma'ana. Ba za ka iya ganinsu ba, kuma ba sai ka gani ba. Na kawo shi ne don ka daina ɗaukar cewa duk abin da ya tsallake rariya ya shigo babban akwati an wanke shi.

Mataki na uku: me ake so ka taɓa?

Kowace wasiƙar shara akwai abu guda da take so ka yi. Nemo shi. Galibi mahaɗi ne, shuɗin rubutu ko maɓalli mai cewa latsa nan. Rubutun da ke sama da inda zai kai ka abubuwa biyu ne daban. A waya, ɗora yatsa ka danne ba tare da sakewa ba, adireshin gaskiya zai fito. A kwamfuta, kai kibiya kansa ka tsaya, ka duba ƙasan allo. Karanta shi kamar yadda ka karanta na mai aikowa, ka nemo sunan da ke daf da sandar / ta farko bayan https:// ɗin da ke farkon adireshi. In an gajarta shi da irin su bit.ly, ka bar shi kawai.

Da yake rariya ta koyi bin mahaɗi tana dubawa, sai suka sauya salo. Yanzu sukan ajiye tarkon a gidan da kowa ya yarda da shi: takardar Google Docs, ko fom na Google, ko fayil a Dropbox. Adireshin na gaskiya ne, har sanarwar ma daga kamfanin take fitowa, amma abin da ke ciki wani ne ya rubuta. Ka riƙe wannan ƙa'ida: fom ɗin da ya nemi kalmar sirrinka ko lambar katin banki na ɓarawo ne, ko a gidan wa aka ajiye shi.

Daga 2023 kuma lambar QR ta yawaita, murabba'in nan mai ɗige-ɗige da ake haskawa da kyamara. Hikimarta biyu ce. A wurin rariya hoto ne kawai. Sannan tana ɗauke ka daga kwamfutar ofis mai kariya ta mayar da kai kan salularka, inda adireshi ba ya fitowa gaba ɗaya. Wasiƙar da ta riga ta iso hannunka, me zai sa ta ce sai ka ɗauko wata na'ura ka haska ta?

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce wasiƙar da ba ta da mahaɗi ba ta da fayil. Rasiɗi ne kawai, wai an cire maka dala ɗari huɗu na Amurka kuɗin sabunta wata manhaja, in ba kai ba ne ka kira wannan lamba. Rariya ba ta ga abin kamawa ba. Kai ne da kanka za ka kira, cikin fushi, wani mai ladabi ya ɗauka, ya ce zai taimaka a mayar maka da kuɗinka, ya bi da kai sannu a hankali har ka sauke manhajar da za ta ba shi ikon na'urarka. A ɓangarenmu lambar WhatsApp ake sawa, a ce a ci gaba da magana can, inda babu rariya sam. Kafin ka kira kowa, duba asusunka ta hanyar da ka saba. In ba a cire komai ba, magana ta ƙare.

Maɓallin cire suna daga jeri shi ma a yi hankali da shi. In kamfani ne da ka san ka yi rajista da shi, yi amfani da shi, ya fi kyau ma ka latsa wanda Gmail ke sawa a sama kusa da sunan mai aikowa. In wasiƙar baƙuwa ce, latsa shi sanarwa ce cewa kana nan.

Mataki na huɗu: fayil ɗin da aka liƙo

Dubi ƙarshen sunan fayil, ba farkonsa ba. Faktir.pdf.exe ba takarda ba ce, manhaja ce, kuma Windows kan ɓoye wutsiyar ƙarshe sai ka shiga saiti ka ce a nuna. A wayar Android, fayil mai ƙarewa da .apk shi ne abin gudu. Babu rasiɗi ko katin gayyata da ke zuwa a haka. Mai ƙarewa da .html ko .htm shafi ne da zai buɗe a cikin na'urarka yana kwaikwayon ƙofar shiga Gmail ko Outlook.

Ga wata da masu karatun ajami za su fi saurin fahimta. Akwai wani harafi marar ganuwa da aka tanada don rubutun Larabci, aikinsa ya juya abin da ya biyo bayansa ya koma daga dama zuwa hagu. In aka soka shi a sunan fayil, faktir sannan fdp.exe, sai allo ya nuna maka faktirexe.pdf. Duk sunan da ka ga exe ko rcs sun maƙale a tsakiyarsa ba dalili, ka bar shi.

Fayil ɗin zip mai kalmar sirri, wanda aka rubuto maka kalmar a cikin wasiƙar, ba don tsaronka aka kulle shi ba. An kulle shi ne don rariya ta kasa leƙawa. Takardar Word ko Excel da ta buɗe ta ce sai ka kunna wani abu kafin rubutu ya fito, rufe ta. A 2022 Microsoft ta toshe wannan hanya a fayilolin da aka sauko daga intanet, sai masu shara suka koma fayilolin OneNote, wata manhajar rubutu ta Microsoft, a farkon 2023. Gobe wani za su koma, amma tambayar ba ta canzawa: ina jiran wannan fayil daga wannan mutum?

Mataki na biyar: sai yanzu ka karanta labarin

Da yawa suna dariyar wasiƙar matar marigayi minista mai miliyoyin daloli, mai cike da kurakurai, suna cewa wa zai yarda da wannan. A 2012 wani mai bincike a Microsoft, Cormac Herley, ya ba da amsa mai ma'ana. Aika wasiƙa miliyan kusan kyauta ne, amma hira da wanda ya amsa tana cin lokaci. Saboda haka labarin da ya fi kowane rainin hankali shi ne ya fi riba, domin yana kore masu wayo tun a ƙofa, ya bar wanda zai bi har ƙarshe. Lambar 419 da muke kiransu da ita kuwa sashe ne na dokar laifuka ta Najeriya da ya yi magana a kan zamba. Sai dai kada ka dogara da kuskuren rubutu a matsayin alama. Yau na'ura tana rubuta Faransanci mai tsabta, har Hausa tana taɓawa.

Wata wasiƙar da tsoro take aiki. Tana farawa da kalmar sirrinka ta gaskiya, tsohuwa, sannan ta ce an ɗauke ka bidiyo ta kyamarar wayarka kana abin kunya, in ba ka biya da kuɗin intanet na Bitcoin cikin kwana biyu ba za a tura wa danginka. Ta bazu a 2018. Kalmar sirrin daga rumbunan bayanan da aka sace shekarun baya aka tsinto ta; satar da aka yi wa Yahoo a 2013 kaɗai ta shafi asusu biliyan 3. Babu bidiyo. A gari irin namu, inda mutunci ya fi dukiya, wannan barazana tana da kaifi, kuma wanda aka yi wa ba ya iya faɗa wa kowa. Kada ka amsa, kada ka biya. In har yanzu kana amfani da kalmar a wani wuri, canza ta. Shafin haveibeenpwned.com, wanda Troy Hunt ya kafa a 2013, zai nuna maka ko adireshinka yana cikin waɗanda aka sace.

Masu neman tafiya kuma su san cewa ma'aikatar harkokin wajen Amurka ba ta aiko imel ta ce ka ci cacar biza. Mutum da kansa yake shiga shafinta da lambar da aka ba shi ya duba. Aikin da aka ce ka samu ba tare da ganawa ba, amma sai ka turo jika ashirin kuɗin buɗe dosiye, shi ma ka san inda ya dosa. Haka kujerar hajji mai rahusa daga wanda ba shi da ofis ɗin da za ka taka ka je.

Amma wadda ta fi cin ƴan kasuwa ba ta kama da shara ko kaɗan, kuma a nan nake so alhazanmu da yaransu masu riƙe musu waya su tsaya. Ɓarawo ya shiga akwatin imel na wanda kake sayen kaya a wurinsa, ko na mai fitar maka da kaya daga tashar jirgin ruwa. Ba ya taɓa komai. Zama yake yana karanta hirarku, sati biyu, wata guda, yana koyon yadda kuke gaisawa, nawa ne kuɗin kwantena, yaushe ake biya. Ranar da biya ya kusa, sai wasiƙa ta shigo a cikin zaren hirarku, da tsoffin saƙonninku a ƙasa, da tambarin da ka sani: asusunmu yana hannun masu bincike, wannan karon a tura wa wannan. Adireshin ko dai na mutumin ne na gaskiya, ko an sauya harafi ɗaya. Wata muguwar manhaja mai suna Emotet ta shahara da satar zaren hira irin haka, har ƴan sandan ƙasashe da dama tare da Europol, hukumar ƴan sandan Tarayyar Turai, suka rushe ta a Janairun 2021, kafin shekara ta ƙare kuma ta dawo.

Kada wani ya ce wannan sai marar ilimi. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya buɗe kamfani mai suna iri ɗaya da Quanta Computer na Taiwan, wanda Google da Facebook ke sayen kaya a wurinsa, ya riƙa aika takardun neman biya na jabu, ya karɓi sama da dala miliyan 100 na Amurka daga Google da Facebook. A 2019 kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara biyar.

Maganin ba ya cikin wasiƙar, duk yadda ka tsefe ta. Duk saƙon da ya canza lambar asusu, ko sunan mai karɓa, ko ƙasar da bankin yake, ka kira mutumin da murya a lambar da kake da ita tun da can, ba wadda ke ƙasan wasiƙar ba. Ka karanta masa lambar asusun, shi ma ya maimaita. In kuɗin da yawa, fara tura kaɗan ka ji ya shiga. Yaron da ke riƙe da imel ɗin shago kuma a ba shi wannan umarni a sarari, domin shi kunyar tambaya yake ji, gani yake kamar zai nuna bai iya aiki ba. "Alhaji, sun canza asusu, a kira su tukuna" ita ce maganar da ake so ta saba fita daga bakinsa.

Abubuwa biyu da ba sa zuwa a siffar wasiƙa ɗaya

In ka wayi gari ka tarar da saƙonni ɗaruruwa cikin awa guda, duk na maraba da yin rajista a shafukan da ba ka sani ba, cikin harsuna iri-iri, kada ka goge su a dunƙule. An yi ambaliyar ne don a binne saƙo guda na gaskiya: sanarwar cire kuɗi, ko ta canza kalmar sirri, ko ta sayen wani abu da sunanka. Yi amfani da wurin bincike ka nemo sunan bankinka da na shafukan da kake hulɗa da su, sannan ka duba asusun kai tsaye.

Na biyu kalanda ce. Gayyatar taro tana iya shiga kalandar Google ta wayarka da kanta, ta buga maka ƙararrawa cewa ka ci kyauta, da mahaɗi a ciki. A saitin kalanda, zaɓi kada a ƙara gayyata sai daga wanda ka sani ko wadda ka amsa.

Mataki na ƙarshe: abin yi

Wasiƙar da ka gane, kada ka goge ta kawai. Latsa alamar kai ƙara, Signaler comme spam, domin haka rariyar ke koyo. Gmail yana share akwatin shara da kansa bayan kwana 30, don haka ɗalibi mai jiran amsa ya riƙa leƙa shi duk mako, saboda wasiƙar kirki ma takan faɗa can.

Kunna tabbatarwa mai hawa biyu a asusunka, yadda kalmar sirri kaɗai ba za ta buɗe shi ba. Lambar da za a turo maka ta waya kuwa ba a karanta wa kowa, ko ya ce daga kamfanin yake. In a siber ka buɗe imel, fita daga asusun kafin ka tashi, rufe shafi kaɗai bai isa ba. Ga kuma wata ƴar dabara taka: Gmail yana yarda ka ƙara alamar + da wata kalma a bayan sunanka, kamar sunanka+aiki, saƙon kuma ya iso akwatinka. In ka ba kowane shafi nasa, ranar da shara ta fara zuwa za ka san ta ƙofar da ta shigo.

In kuwa ka riga ka rubuta kalmar sirri a shafin jabu, yi sauri. Canza ta daga na'urar da ka yarda da ita, canza ta a duk inda ka maimaita ta, fitar da duk na'urorin da ba ka gane ba daga asusun. Sannan ka shiga saiti ka duba wurin tura saƙo gaba da wurin ƙa'idojin tacewa. Nan ne mutane ke mantawa. Ɓarawo kan bar umarni a riƙa tura masa kwafin duk wasiƙunka, ko a riƙa ɓoye waɗanda suka zo daga banki, kuma canza kalmar sirri ba ya goge wannan umarni. Ka sanar da abokan hulɗarka ta waya cewa kada su yarda da saƙon kuɗi daga adireshinka.

In kuɗi sun fita, je banki ko wurin da ka yi turin a ranar, ba gobe ba, ka nemi a tsayar ko a dawo da su. Sa'o'in farko ne ake da ɗan fata. Kada ka goge wasiƙar, domin bayanan da ke ɓoye a kanta su ne shaida, hoton allo kaɗai bai ɗauke su ba. Kai ƙara wurin ƴan sanda da rasiɗin turin da lambobin da aka kira ka da su. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019.

Sannan ka shirya wa zagaye na biyu. Sunan wanda ya taɓa biya yana shiga wani jeri na daban da ake sayarwa. Bayan ƴan makonni wasiƙa za ta zo daga wani wai lauya, ko wai jami'in Interpol, ya ce an kama ɓarayin, kuɗinka suna nan, saura ka biya na takardu a sako maka. Ya san adadin da ka yi asara, har ranar ya sani, domin su ne ko abokan cinikinsu. Ita ma ka haɗa ta da ta farko ka kai wa wanda ke riƙe da ƙararka.